Ludayi Mai Jan Zare

A Malbaza tari ba labari ba ne. Garin da siminti ke ciyar da shi, wanda ba ya tari shi ake tambaya ko lafiya. Shi ya sa da taubashin babana ya fara nasa, ba wanda ya waiwaya.

Babana yana da wani ɗaki a bayan zaure, inda tsofaffin ƴan lodin siminti ke kwana, waɗanda ƙarfinsu ya ƙare, ƴaƴansu kuma suka tsallaka iyaka neman abinci. Ɗakin baƙi muke ce masa, ko da yake baƙin sun fi wasu ƴan gidan daɗewa. Taubashin ma a nan yake kwana. A ƙwarya ɗaya suke shan fura, ludayi ɗaya yana zagayawa.

Lokacin ina koyarwa a lakwal a Illela. Da na zo hutu na ga jini a bakin rawanin taubashin, sai na kai shi likita a Ƙonni. Aka ce tarin fuka ne: ya sha magani wata da watanni ba fashi, ya kwana shi kaɗai, iska ta riƙa ratsa ɗakinsa.

Gidanmu ya karɓi shawarar, ya gyara ta daidai da abin da ya sani. Aka ware masa ƙwarya, innata ta ɗaura wa ludayinsa jan zare. Tagar ɗakin kuwa, don tausayi, aka toshe ta da buhun siminti, kada sanyi ya ƙara masa tari.

Tsohon ya juya ludayin a hannunsa, ya ce, "Taubashi, yau ni ne kuturun gidanka?"

Baba ya ce ai dama can shi ne, jama'a ce ba ta lura ba. Aka yi dariya. Amma ranar Baba bai ci abinci ba, washegari kuma ya kai tabarmarsa ɗakin.

Na yi masa bayanin ƙwayar cuta da yadda take bin numfashi, tsaf kamar ina gaban allo. Ya saurare ni yadda ake sauraron rediyo.

"Malamin lakwal," ya ce, "na raba shi da ƙwarya. In na raba shi da mutane, ai na binne shi da rai, wa kuma zan kai kabari?"

Da tarin ya lafa, taubashin ya bar magani. Mai lafiya me zai je yi Ƙonni? Bayan an yanke hatsi aka binne shi. Wasu biyu suka bi shi kafin bazara.

Hutun da ya biyo baya, tun daga bakin zaure na ji tarin, na kuma gane muryar. Na tarar da Baba a ɗakin baƙi, riga ta yi masa yawa, ga ƙwarya da ludayin nan a gefensa. Innata ba ta ma nemi sabon zare ba.

Na zare buhun daga tagar. Ya ce yana jin sanyi. Kafin in koma Illela an mayar da buhun.