Ragon Maigida Ya Cinye Irin Dankalina

Fitowata daga wanka ke nan na tarar da ragon maigida yana tauna ganyen ƙarshe na irin dankalina.

Jiya fa na shiga kwalekwale har Yelwa, na sha rana a layi kafin malaman gona su ba ni dami ɗaya. Sabon iri ne da aka inganta, mai jan ciki, yana nuna da wuri. Kifi ya ja baya a tafki, da dankalin nan na sa rai mu ci kafin gero ya iso.

Na ce, "Baban Ummi, wa ya kwance damin nan?"

Ko kai bai ɗaga daga gyaran taru ba. "Ni na ba shi. Iri ai ƙwaya ne. Wayau anka yi maki, anka haɗo ki da ciyawa."

"Reshen ake dasawa a kunya, Malam!"

"To, ragon ma ai namu ne."

A littattafan da nake karantawa, miji furanni yake kawo wa matarsa. Nawa, ganyen da na wahalto da kaina ya miƙa wa dabba, ga shi an rufe rabo sai baɗi.

Mutum ya san zurfin kogin Kwara, bai san abin da ke cika tukunyar gidansa ba. 'Yan'uwa mata, ku ma haka masanan gidajenku suke?