Allon Tagulla Na Ƙarshe

Saura kwana biyu azumi amfilifayar masallacin unguwarmu a Madaki, mai ƙara wa lasifika ƙarfi, ta ƙone. Ni da bakina na ce wa ladan, tsohon da muryarsa ba ta wuce zaure, ya bar min, zan haɗa sabon allon wutar cikinta a gida. Baki shi ke yanka wuya.

Aikin ba wuya a faɗe. Ka buga zanen layukan wuta a takarda mai santsi, ka kifa ta kan allon tagulla, ka danne da dutsen guga har baƙin ya manne, sannan ka jefa a ruwan asid ya cinye sauran tagullar. Amma sai firinta mai garin tona, wato busasshiyar tawada. Mai ruwan tawada ba ta kamawa. Allo uku nake da su, biyu na lalata da bugun wani shago da ke ɗura wa injinsa garin tawada mai arha, layukan suka wanke kamar alli. Saura ɗaya, kuma duk Gombe ban san mai sayarwa ba.

Ranar ko zama ban yi ba. Shago shida na shiga ina tambayar irin garin da ke cikin injinsu, ana kallona kamar mai taɓin hankali. A Kumbiya-Kumbiya na samu wata mata mai sabuwar firinta. Da ƙyar ta yarda ta sa takardar kalanda mai santsi da na zo da ita a ciki.

Tana miƙo min ta ce, "Malam, na ɗan gyara maka shi."

"Na gode, Hajiya," na ce, ƙafata ɗaya tana waje.

Wallahi bugu ya yi kyau! Guga ta kama, asid ya ci, layuka suka fito tsaf. Sai da na zo dasa ƙafafun kayan wutar a kan allon na ga komai ya koma hagu. Zanen dole a buga shi a juye, don kifawa ake yi. Baiwar Allah ta ga rubutun da ke jikin zanen a birkice, ta miƙe min shi. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan zaga, don ta faɗa min, ni ne ban tsaya na ji ba.

Na je na gaya wa ladan. Ya ce, "Ba komai, ɗana. Sai dai ka riƙa bi gida-gida kana tashin mutane sahur, ni ba za su ji ni ba."