Kyamara Biyu da Idon Inna

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarami "wannan yaron" take cewa, da na kama sana'a na koma "mai hoto", kuma a haka nake har yau da furfura ta fara leƙo mini a gemu. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na tashi, gida ɗaya da Inna amma kamar maƙwabta. In na je gaishe ta, a bakin ƙofa nake durƙusawa, kaina a ƙasa, ita kuma ta juya fuska wajen bango ta amsa a gajarce. Ƙannena kuwa su haye mata cinya, su ja mata kallabi, tana zaginsu tana dariya. Ba zan ce abin bai dame ni ba. Ya dame ni ƙwarai, kawai dai ba abin faɗa ba ne.

Garinmu yana wajen Gezawa, inda gona ke manne da gona, in ka yi atishawa a taka maƙwabci ya amsa maka daga tasa. Ni dai noma bai karɓe ni ba, sai na shiga birni na koyi hoto, daga baya na buɗe ɗan shago a Bacirawa. Duk Juma'a nakan je gida.

Kyamarar da na ci abinci da ita shekara da shekaru, a hannu na saye ta wajen wani da ya rufe shagonsa. Baƙa ce mai nauyi, irin manyan nan na dijital masu madubi a ciki, da ake cire musu gilashin gaba a ɗaura wani. Sai ka ɗaga ta ka kafa ido a 'yar tagarta kafin ka ga abin da za ka ɗauka. In ka danna, madubin ya ɗaga ya faɗi, ka ji ƙaras, har kaji su watse. A rana ba ta da laifi. Amma ka shiga da ita ɗakin ƙasa mai ƙaramar taga, sai ta yi ta gurnani tana kai da kawo ta rasa inda fuska take, daga nan filasha ta yi tsalle ta buɗe ta kashe wa kowa ido.

Da wannan sarkin surutu na yi ta farautar fuskar Inna. Ranar salla na gwada, ranar sunan 'ya'yan ƙannena na gwada. Kafin in kai ta ido, Inna ta ja mayafi. Abin da na tara shi ne kunne, gefen kallabi, bayan hannu, sai kuma wani da ƙeyarta ta fito tas kamar ita na je ɗauka. Wata rana ina tsaye ina ji ta ce wa ƙanwata mai bi mini, "Ki ce wa mai hoto ya je ya nemi masu son abin." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma tawa ba ta kai ciki ba. Na ɗauki fuskar amare da angwaye da mahajjata da ban san adadinsu ba, ba ni da hoto ɗaya da uwata ke kallona.

Da masu biki suka fara cewa sai da bidiyo, kuma suna so hoto ya shiga wayarsu tun kafin a watse, sai wani abokina mai sayar da kayan hoto a birni ya ba ni sabuwa in gwada na 'yan kwanaki. Ya ce in ta yi mini, in bar masa tsohuwar in yi ciko. Lokacin kaka ne, sai na rataya su biyun na tafi gida, don in haɗa su a wuri ɗaya in ga gaskiyar kowacce.

A gona na fara. Na ɗauki zangarniyar dawa da tsohuwa, na ɗauka da sabuwa. A tsohuwar dawa ce dai, ja, mai kyau. A sabuwar kuwa kana iya ƙirga ƙwayoyin, har da ɗan ƙwaron da ke yawo a kai. Ta fi sauƙi a wuya, batirinta ya fi jimiri, allonta babba ne kuma yana buɗewa ya juya duk inda kake so. In ka kunna allon, madubin ciki ya ɗaga ya tsaya a sama, don haka in ka danna ba ka jin komai sai ɗan motsi kamar an karya tsinke. Akwai kuma wani ɗan akwati da ke bayyana a allon, da kansa yake neman fuskar mutum ya zauna a kai.

Kawu, yayan Inna, shi ya zama alƙali ba da niyya ba. Ya gan ni da kaya ya ce lallai a ɗauke shi da jakinsa. Ya gyara hula, ya turo ƙirji, ya ɗauke numfashi. Na ɗauka da sabuwar har sau da yawa, yana nan a ƙame.

"Kai, ka ɗauka mana, ƙafata ta gaji."

"Ai na ɗauka, Kawu."

"Ƙarya kake. Ban ji ba."

Dole na ɗago tsohuwar, ta yi masa ƙaras, sannan ya saki numfashi. Na nuna masa duka biyun. Ya daɗe a kan na sabuwar, inda duk wata tsaga ta fuskarsa da haƙorin goro suka fito fili, sai ya ture ta ya nuna tsohuwar ya ce, "Wannan ita ta san girman mutum." Na yi dariya, amma maganarsa ta farko ce ta tsaya mini a rai. Kawu bai ji ba. In Kawu bai ji ba, Inna ma ba za ta ji ba.

Bayan la'asar na shiga gaishe ta. Tana zaune a tabarma can cikin ɗaki tana ɓarar gyaɗa a faifai, hasken da ke shiga ta ƙofa bai kai rabin ɗakin ba. A nan tsohuwar ba za ta tsinana komai ba. Na zauna a inda na saba, na ɗora sabuwar a cinya kamar na gaji da ratayarta, na ɗaga allon ya kalli sama. Muka gaisa, ta amsa wa bango kamar kullum. Sai na ci gaba da zama, kaina a sunkuye. Wanda ya leƙo zai ce ga ɗa mai kunya, alhali allo nake kallo.

Ƙarar ɓawon gyaɗa ta tsaya. A allon na ga kanta yana juyowa a hankali, ɗan akwatin nan ya yi tsalle ya zauna a fuskarta. Inna tana kallona. Ba ta gefen ido ba, kai tsaye, ta ɗan miƙo wuya, ta tattara gira. Na danna. Da na motsa kafaɗa, sai ta mayar da kai, gyaɗa ta ci gaba da ƙara.

A motar komawa ina rungume da jakar kamar za a ƙwace. Murna nake irin ta yaro. Na ce ashe tana kallona, ashe duk shekarun nan in na sunkuyar da kai ita ɗagowa take. Washegari na buɗe shago ban ko share ba, na sa katin a kwamfuta. Hoton ya fito tas a wannan duhun, har zaren kallabinta. Na jawo fuskar kusa don in more idon da ban taɓa gani da kyau ba. Na ƙara jawowa. Baƙin idonta na hagu ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Na daman kuma ya dushe, kuma ba daidai inda nake yake kallo ba.

Na rufe shagon na koma garin, gidan ƙanwata na wuce kai tsaye, na nuna mata hoton a waya. Ba ta ko razana ba.

"Yaya, sai yau ka gani?"

"Kin sani ke nan? Tun yaushe?"

"Tun bara waccan ya fara. Muna sa mata maganin ɗigawa na kemis, ita kuma tana ta fama da kwalli."

Na hau ta da faɗa, na ce su wane irin mutane ne, uwa tana makancewa a gabansu sun zuba ido. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ita ta hana. Ta ce da bakinta ba za ta aika wa ɗan fari da ciwonta ba, mutane su ce me? Mun roƙa, ta ce duk wanda ya faɗa maka ba ta yafe ba. Amma Yaya, kai da kake zuwa duk Juma'a, me ya hana ka ɗaga kai?"

Na mayar da wayar aljihu. Ta sassauta murya ta ce, "Da can, kana shigowa kallo ɗaya take maka ta wutsiyar ido. In ka fita ta ce mini, mai hoto ya rame, ko ta ce rigar nan ta yi masa yawa. Yanzu ni take tambaya. Kwanaki cewa ta yi, wai da gaske furfura ta fito masa?"

Nan na gane abin da na ɗauka. Da, ƙiftawa ɗaya ta ishe ta ta gama karance ni. Yanzu sai ta ƙura ido ta daɗe, ko za ta tsinci wani abu a cikin inuwar da ke bakin ƙofa. Daɗewar nan ita ta ba ni hoto. Na koma shago na bi duk abin da tsohuwar ta tara mini na Inna, ko zan ga inda ciwon ya faro. Kunne, kallabi, bayan hannu, ƙeya. Babu ido ko ɗaya.

Ni ba ni da bakin da zan ce mata ta tashi mu je asibiti, sai na kai wa Kawu wayar. Ya kai ta kusa da hanci ya duba, ya nisa, ya ce, "Ka yi sata. Amma ɗauko mini takalmina." Shi ya shiga ya ce mata da idonsa ya lura, kuma ba shawara ya zo yi ba. Har yau ba ta san da hoton ba.

A asibitin ido a birni ƙanwata ce ta riƙe mata hannu, ni ina biye a baya. Likitan ya ce na hagun yanar ido ce, in an cire za ta gani. Na daman kuwa wani ciwo ne daban da ke cin jijiya a hankali, ya riga ya gama da shi, da an zo da wuri da an tare. Ya tambaya waye babba a cikin 'ya'yan. Na ce ni ne. Ya dube ni, ya dubi jakar kyamarar da ke kafaɗata, sai ya ci gaba da rubutu. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na riƙe sabuwar na biya kuɗinta cif, don ban iya ba abokina tsohuwar ba, tana nan a kabad ɗin shago. Masu son shiga sana'a sukan tambaye ni wacce ta fi, in ce musu sabuwar, ta kowace fuska. Gaskiya ce. Abin da ba na faɗa musu shi ne ina jin haushin su biyun, tsohuwar don surutunta ya sa Inna ta ɓoye mini idonta lokacin da yake lafiya, sabuwar don ta ba ni abin da na roƙa a lokacin da ya lalace. Na san kuma ba laifin ƙarfe ba ne. Hoton yana nan, ban wanke shi ba, ban goge ba, kuma ba kasafai nake iya buɗe shi ba.

Bayan an yi aikin an kwance mata bandeji ta koma gida, na je ranar Juma'a hannu rabbana, ban ɗauki kyamara ko ɗaya ba. Duk hanya ina tsoron kada in tarar aikin bai yi ba. Ƙanwata tana ɗakin tana ninke kaya. Na yi sallama, na durƙusa a bakin ƙofa, kuma a karon farko a rayuwata na ɗaga kai. Inna tana fuskantar ƙofa. Idon hagun ya yi ja a gefe, amma baƙinsa baƙi ne wuluk, kuma a kaina ya sauka daidai. Ko ƙiftawa biyu bai yi ba. Ta juya fuska wajen bango, ta ja mayafi, ta amsa gaisuwata a gajarce.

Can sai ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa mai hoto ya rage yawo a rana. Ya yi baƙi."

Ƙanwata ta saki kayan da ke hannunta ta rangaɗa guɗa, mata suka fara leƙowa daga tsakar gida suna tambaya ko lafiya. Na yi hamdala a bayyane, har sau uku, da gaske kuma nake. Sannan na mayar da kaina ƙasa, na ci gaba da kallon tabarma.