Ranar da Baba Ya Ga Furfurata

Jama'a, yau Baba ya dube ni ya yi salati!

Kun san yanar ido ta rufe masa gani tun kafin zuwan Nasara. To, da safe na ɗora shi a jaki muka tafi kasuwar Maigatari. Can muka tarar da wani mai sakiyar ido daga Damagaram. Ya ɗaga fatar idon Baba ya leƙa. Ya ce, "Malam, idonka da rai. Ido ɗaki ne, yana ce ta tsaya a ƙofa ta tare haske. Ture ta zan yi."

Na ce, "In ya tsiyaye fa?"

Baba ya ce, "Sale, wanda ke cikin duhu me zai ji tsoro? Riƙe kaina!"

Na riƙe. Mutumin ya yi bismilla, ya soka wani siririn tsinke ta gefen idon. Ni na runtse nawa!

Sai na ji Baba ya ce, "Haske!" Ya juyo ya ƙura mini ido, ya ja da baya.

"La'ilaha illallahu! Yaya Ilu, ba mun binne ka ba?"

Wansa marigayi yake nufi!

Na ce, "Baba, ni ne, Sale ɗanka."

Ya kama gemuna, hawaye na zuba. Ya ce, "Kai, ja'iri! Wa ya ba ka izinin yin furfura ban gani ba?"