Ragon Aro

Warin turken tumaki bayan ruwan farko ne ya tsayar da ni a ƙofar gidanmu shekaranjiya, sai da na dafa bango. Da can daɗi yake yi mini.

Ku da kuka tashi a ƙauyukan Geceme kun san ragon aro. Babana yana da wani farin rago bali-bali, da an gama girbi sai a bi gida-gida da shi, kwana uku nan, kwana biyar can, ya dawo cikin tumakinmu ba mai tambayar inda ya shiga. Hana maƙwabci rago abin kunya ne. A rijiya ma a komin ruwa ɗaya dabbobin gari duka ke sha.

Da rani sai tumaki su fara ɓari. Kakata ta ce iska ce ta ratsa turken, ta yi turare. In mahaifa ta maƙale ni ake kira, wai hannun yarinya ya fi shiga. In zura hannu ba komai a jikinsa, in jawo, in jefa bayan danga, karnuka su ja har bakin rijiya. In goge hannun da ƙasa. Sannan kaka ta tatsi wadda ta rasa ɗan, ta ba ni nonon da ɗuminsa, ladana ke nan. Haka na yi ta yi har na gama koleji, har bayan aurena duk sanda na zo gida.

Bana zazzaɓi ya kama ni, ya tafi ya dawo, gwiwoyina kamar an daka. Aka yi ta ɗura mini maganin cizon sauro. Sai da cikina na wata biyar ya zube, likita a Dogon Dutsi ya ɗibi jinina, ya tambaye ni ko ina taɓa tumaki masu ɓari. Ya ce cutar bakkale ce, rago ke yawo da ita, tana cikin mahaifa da ɗanyen nono.

Da na shiga gida shekaranjiya na faɗa wa baba a ware masu ɓari, a binne abin da ya faɗo, a dafa nono, a daina ba da ragon. Bai ko ɗago kai ba.

"Ke ɗiya, in hana ma ɗan'uwana rago? Mi za a ce da ni a garin ga?"

"Baba, jikanka na binne."

Ya ce ƙaddara ce.

Yau kusan kowane gida akwai salula, labari na zuwa daga ko'ina, amma wannan ba mai son ji. Ƙanwata na da cikin wata shida, ta zo goyon ciki gida, kuma ita ke sharar turken tun da ta zo. Na ɗaure mata kayanta, na sa ta a mota zuwa gidana ban nemi izinin kowa ba. Baba bai amsa sallamata ba. Ya riƙe fushinsa, ita dai ba za ta koma ba sai ta sauka.