Ɗigon Baba na safe

Kullum da safe sai ɗigo uku su yi ta rawa a wayata, alamar Baba yana rubutu. Amma saƙo shiru.

Da can wayoyinmu ba sa jituwa, ko hoto ba ya buɗewa. Da kamfanonin wayoyin suka daidaita tsarinsu, har wannan alamar nake gani.

Ran Lahadi na same shi a Kagoro bayan sujada. Na ce, "Baba, ina saƙon?"

Ya ce, "Ido ya gaji, 'yata. An ce in na taɓa kina gani. Shi ne nake taɓawa, ki san na tashi."

Yau ɗigon ya makara. Ko shayi na kasa sha sai da ya fito.

Ku fa, yaya naku ke gaishe ku?