Ranar da 'Yar Gindin Rake Ta Ce Da Sauƙi

Akwai wata Asabar a Kudan da ko tsufa ya kwashe mini komai, ita kam ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Makarfi, ina kuma ɗan taɓa rubutun labari a waya ina tura wa wani zauren mata masu karatu. Kowa soyayya yake rubutawa, ni kuwa da taurin kaina sai na ƙirƙiro wasu halittu na sa musu suna 'yan gindin rake. Ba aljanu ba ne, ba kuma mutane ba. Tsayinsu bai wuce turmi ba, kunnuwansu dogaye masu tsini kamar ganyen rake, gishiri kuma ƙona musu harshe yake yi. Babbar ɗabi'arsu ita ce bakinsu ba ya iya furta abin da ba haka yake ba, ko da wasa. Wallahi don labarin ya yi armashi kawai na sa wannan, ban yi wani dogon tunani ba.

Yayata da ke aure a Kudan ta fi kowa bin labarin, ta kuma fi kowa tsiya. Na taɓa mantawa na sa ɗayansu ya sha miya a gidan biki, sai ga kiranta: "Ke malama, lami aka yi miyar bikin ne?" Dole na koma na gyara ina ƙunƙuni.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da ita. Aka yi ta zaryar asibiti a Zariya, daga baya aka dawo da ita gida. Duk mun san abin da dawowar ke nufi, amma ba mai faɗa. Masu dubiya su cika ɗaki su ce ya jiki, ta ce da sauƙi, mu ma mu taya ta. 'Yarta guda ce, ƙarama. Da ta fara cewa, "Ni dai in ta Allah ta kasance, yarinyar nan..." sai Inna, mahaifiyarmu, ta katse ta: "Kul! Bar wannan magana, za ki tashi." Haka maganar ta yi ta maƙalewa.

Idonta ya daina jure hasken waya, don haka nakan je in karanta mata. Ran Asabar ɗin nan bayan azahar, Inna na gefe da carbinta, na kai inda wata uwa cikin 'yan gindin rake ta kwanta ciwo bayan an sare raken da take zaune a ciki. Maƙwabciya ta zo dubiya, ita kuma ta amsa da sauƙi.

Yaya ta ɗaga hannu. "Tsaya. Sauƙin ta samu?"

"A'a mana. Gaisuwa ce kawai, Yaya."

"Ke kika ce bakinsu ba ya iyawa, ko da wasa. In irin tamu za ki sa ta yi, yanke mata kunnuwan ki mai da ita mutum."

Kai, na ji haushi! Mutum na kwance amma bai fasa gyara maka aiki ba. Na ɗora yatsa a kan waya na ce cikin zolaya, "To babbar marubuciya, me za ta ce?"

Ta kalli rufin ɗaki. "Rubuta. Ta ce alhamdulillahi, amma babu sauƙi, jiya ma ta fi yau. Ta ce tsoro take ji, ba don kanta ba. 'Ya guda gare ta, tana so ƙanwarta ta riƙe ta, ta sa ta makaranta, kada a yi ta yawo da ita gida-gida."

Yatsana ya tsaya cak. A labarina uwar nan ba ta da ƙanwa, ba ta da 'ya. Inna ta buɗe baki, Yaya ta riga ta: "Inna, labari ne. Ba a katse labari." Sannan ta juyo gare ni. "Ita ƙanwar me ta ce? Ki tuna ita ma 'yar gindin rake ce."

Na so in ce za ki tashi, maganar har ta zo bakina. Amma ni na kafa dokar. Na ce, "Ta ce ta karɓa. Ta ce ita ma tsoro take ji." Daga nan kuka ya ƙwace mini, ita kuwa ta lumshe ido ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Yaya ba ta ga saran rake na shekarar ba. Inna da kanta ta kai wa mijin Yaya maganar, ta ce a kunnenta aka yi. Yarinyar tana gidana yanzu, har ta fi ni tsayi.

Tun daga ranar, in na ba halitta ɗabi'a a labari ba na karya ta don in huta, domin ban san wanda ya jingina da ita ba. In kuma na je dubiya aka ce mini da sauƙi, nakan ɗan yi shiru in jira, ko akwai sauran magana.